Hawan Dutse a Ƙasar Kudu

  Wannan mako ba zancen girki ko ɗinki za mu yi ba, tafiya za mu yi. Wadda ta ke da taswira kusa ta jawo ta, wadda ba ta da ita kuwa ta biyo ni sannu, ba za ta ɓata ba.

Da yawa daga cikinku in an ce Jigawa, abin da ya ke faɗo muku a rai shi ne rairayi da fili fetal iyakar ganin ido. Ba ku yi laifi ba, sunan ma abin da ya ke nufi ke nan, kuma wadda ta tashi a Gumel ko Maigatari abin da ta sani ke nan. Amma in kika juya kudu, ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, wajen iyaka da Bauci, sai ki rantse wata ƙasa kika shiga. Duwatsu ne jibga-jibga, wani bisa wani, kamar tukwanen da aka kifa a bayan ɗaki, ga itatuwa sun tsiro a tsakaninsu inda ba ki zaci ƙwayar ƙasa za ta zauna ba.

Daga Kano zuwa Birnin Kudu kimanin kilomita 130 ne, watau wajen mil 80. A kan bi ta Wudil a haye gada, a wuce Kwanar Huguma inda hanyar Dutse ta rabu, sa'an nan a miƙe. Dā duk ƙasar Kano ce, sai ran 27 ga Agusta 1991 da aka yanke Jihar Jigawa, yanzu tana cikin Masarautar Dutse. Garin yana da babban asibitin Gwamnatin Tarayya, da tsohuwar kwalejin gwamnati inda Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu, kuma gwamnan farar hula na farko a jihar, Ali Sa'adu Birnin Kudu, ɗan garin ne.

Abin da ya tashe ni kuwa ba sha'awar yawo kaɗai ba ce. A makarantar kwana ta 'yan mata inda na ke koyarwa akwai wata yarinya 'yar shekara 14, ba ta da surutu, amma in aka zo lissafi duk ajin ita a ke kallo. Aka tafi hutun rabin zango, kowa ya dawo ban da ita. Mako ɗaya, mako biyu, har uku. Lambar wayar da ubanta ya bari kullum ba ta shiga. Ƙauyensu yana bayan duwatsun Fagam ne, a ƙasar Gwaram, ga jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Shugabarmu ta ce in je in gano ko lafiya. Babana ya yarda, amma bisa sharaɗin ƙanena ya raka ni. Abokiyar aikina mai koyar da labarin ƙasa da ta ji zancen duwatsu ta ce ko da ƙafa ne sai ta je. Muka zama mu uku.

Mun sauka Birnin Kudu ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gidan gwaggona. Da rana ta yi sanyi muka tafi ganin abin da garin ya yi suna da shi a duniya, wanda kuma, abin kunya, da yawa daga 'ya'yan jihar ba su taɓa jin labarinsa ba. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana da ma'aikata a garin, wurinsu a ke fara zuwa su haɗa mutum da ɗan jagora. Duwatsun da aka fi sani uku ne, Dutsen Mesa, da Dutsen Habude, da Dutsen Murufu, duk ba su da nisa da gari.

In kin isa, za ki ga dutse ya turo kai ya yi rumfa. Ki shiga inuwar ki tsaya, kada ki yi gaggawa, don da farko ba za ki ga kome ba sai dabbare-dabbare a jikin dutse. Can sai idonki ya saba, ki ga ƙaho, ki ga wuya, ki ga ƙafafu. Shanu ne aka zana, yawanci da jan launi, wasu da fari ko baƙi. To, 'yan makaranta, ga abin lura. Ku da ku ke ganin shanun Fulani kullum, bunaji da rahaji, kun san ba a raba su da tozo. Mafi yawan waɗannan na jikin dutse ba su da tozo ko kaɗan, bayansu a miƙe ya ke. Wasu masu dogayen ƙahoni ne, irin da ya ƙare a ƙasarmu, wasu masu gajerun ƙahoni kamar muturu, wanda har yanzu a ke samu a kudancin Nijeriya. Watau wanda ya yi zanen ya zauna a nan tun zamanin da irin waɗannan shanu a ke kiwo, kafin masu tozo su yaɗu su cika ƙasa. Na tsaya ina kallon wata saniya da aka ja layin cikinta da kyau ƙwarai, na ce a raina wannan hannun ya san saniya, ya tatse ta, ya kwana kusa da ita.

Wani Bature, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya yi nazarin zanen nan. A 1955 kuma ya lura da wani abu dabam kusa da su, watau duwatsu masu amo, ya buga labarinsu a 1956. Daga nan masana suka shiga neman irinsu, aka yi ta samu a wurare da yawa a Afirka da wajenta, har matarsa Catherine ta rubuta littafi sukutum a kansu a 1997. A littattafai a kan ce shi ya gano su. Ni dai ina ganin kalmar ta yi yawa, don 'yan matan Birnin Kudu suna kaɗa duwatsun nan tun ba a haifi kakansa ba. Abin da ya yi shi ne ya rubuta, wannan ma kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Yadda abin ya ke, falalen dutse ne da ya ɓalle daga uwarsa ya zauna bisa wasu duwatsu, ƙarƙashinsa da sarari. Sai ki ɗauki ɗan dutse kamar dunƙulen hannu ki buga. Kai, ba za ki yarda daga dutse muryar ta fito ba! Ƙara ce irin ta ƙarfe, kamar kugen da a ke kaɗa wa sarakuna, kuma ko wane gefe da muryarsa, wani siriri wani mai kauri. Inda aka saba bugawa duk ya lotsa ya yi 'yan ramuka masu sulɓi kamar cikin ludayi. Ku auna da kanku yawan hannuwan da za su lotsa dutse. An rubuta cewa a wancan zamani al'adar garin ce amarya ta tafi Dutsen Murufu ranar bikinta ta wuni a can. Na zauna a wurin ina tunanin 'yan matan da suka zauna kafina, da lalle a ƙafa, ko wace da abin da ke ranta, wata murna wata tsoro.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne sunaye. A duwatsun da ke kewayen wurin wasu sun rubuta sunayensu da gawayi ko fenti, har da shekarar da suka gama makaranta. Ashe ilmin da muka ba su na rubutu nan suka kawo shi! 'Yan'uwana 'yan makaranta, in an kai ku, kada ku taɓa zanen da hannu, kada kuma ku yarda wani ya watsa masa ruwa wai don launin ya fito a hoto. Maiƙon hannu da ruwa da hayaƙi su ne ke cinye shi, in ya goge kuwa babu mai mayar da shi.

Ran Asabar da sassafe muka fita bakin hanyar Gwaram. A tasha mun tarar da mota ɗaya, mutum biyu ne a ciki, kun kuwa san ba ta tashi sai ta cika, mu kuma muna so mu hau dutse mu sauka kafin duhu. Ƙanena ya ce mu matsa gaba mu nemi mai rage mana hanya.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don na san wasu iyaye sun riga sun ɗaure fuska. Rage hanya tsohuwar ɗabi'ar mutanenmu ce, tun zamanin jakuna mai dabba ba ya wuce tsohuwa da kaya a ka. A ƙauyukan da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, da shi a ke kai marar lafiya asibiti. Amma zamani ya canja, ba kuma ko wace mota a ke shiga ba. Wadda ta fara tsaya mana ƙarama ce mai baƙin gilashi, samari uku a ciki, kiɗa na tashi. Muka yi godiya muka ce muna jiran wani ne. Mace ita kaɗai kada ta tsayar da motar da ba ta sani ba, ko da rana tsaka, balle da dare. In kuna da namiji naku a tare, ku duba motar da ke da mata a ciki, ko dattijo, ko wadda mutanen wurin suka gaisa da direbanta da suna. Kafin ku hau kuma a aika lambar motar gida ta waya, a gaban direban, mutumin kirki ba zai ji haushi ba.

Can sai ga wata tsohuwar lori ba kaya, za ta ɗauko riɗi. Mai shayin da ke bakin hanya ya ɗaga wa direban hannu, suka gaisa. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ƙanena ya matsa ya yi sallama, ni kuma na ce, "Baba, don Allah a rage mana hanya zuwa Gwaram."

Ya dube mu, ya dubi takalmanmu, ya ce, "'Yata, lafiya da irin wannan shiri?"

Na gaya masa abin da ke tafe da mu. Bai ƙara tambaya ba, ya ce da yaron motarsa ya koma baya shi da ƙanena, mu mata mu shiga gaba.

Wadda ba ta taɓa hawa gaban lori ba ba ta san hanya ba. Kina sama, kina hango gonaki har bayan shinge, dawa an yanke an jingine, riɗi an ɗaure shi dami-dami an tsayar yana shan iska. Da muka zo Babaldu, inda hanyar Ningi ta rabu, Baba direba ya nuna kudu da haɓa ya ce, "Can ne gidan masu hana kakanninmu barci." Gaskiya ya faɗa. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza, ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano shi da almajiransa sabo da rigimar haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen dutse, Butawa da Warjawa da Fa'awa. Daga nan har zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20, kudancin Kano bai huta da hari ba. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su, sunayen shugabanninsu irin su Ɗan Maje da Ɗan Yaya kuwa har yanzu tsofaffi ba su manta ba. Birnin Kudu da Gwaram suna bakin wannan wuta. Mai gudun harin Ningawa ganuwa ya ke nema, mai gudun dawakin sarakuna kuwa dutse ya ke hawa, don doki ba ya bin mutum can. In kun ga ƙauye a maƙale a inda ko jaki sai ya yi da gaske, kada ku ce mutanensa ba su da wayo, sau da yawa tsoro ne ya zaɓa wa kakanninsu wurin. Warjawa har gobe suna nan a wannan yanki, da harshensu.

Muka wuce Sara mai babbar kasuwa, muna hangen duwatsun Kila cikin hazo, muka iso Gwaram. Gwaram biyu ce, Tsohuwa da Sabuwa. Kogin da ya ratsa ƙasarta daga tsaunukan Jos ya taso, a sama a kan ce da shi Bunga, a ƙasa Jama'are, shi ne ya ke haɗuwa da kogin Haɗeja su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. Da damina ba a wasa da shi. Yanzu kam ya janye ya bar rairayi fari, masu lambu sun bi gefensa. Da za mu sauka na miƙa wa Baba direba kuɗi, ya janye hannu ya ce, "Haba Malama, nawa 'ya'yan ma a hannun irinku su ke. Allah ya sa ki same ta lafiya."

Daga Gwaram muka sami a-kori-kura cike da mata da buhuna, wannan kam da kuɗinmu, ta nufi kudu da mu wajen Fagam. Inda ta ajiye mu kwalta ta ƙare. Wani yaro mai amalanken shanu da zai shiga gona kwasar dawa ya ɗauke mu, muna zaune bisa buhunan wofi, ƙashinmu na gaya mana ko wane rami. Da ya kai gonarsu ya nuna mana wata tsamiya a gindin dutse, ya ce daga can sai ƙafa.

A gindin tsamiyar muka yi azahar, muka ci ƙuli-ƙuli da dabino. Nan wata tsohuwa ta same mu, Bafulatana, ta sayar da nononta ta cika ƙwaryar da gishiri da sabulu da 'yar kwalbar man ja. Da ta ji inda za mu ta ce hanyarta ce. Ta kalli hijabina ta ce, "'Yata, naɗe shi ki ɗaure a ƙugu, ƙaya ba ta san malama ba." Na ce, "To, Inna." Duk mai niyyar irin wannan tafiya ta sa wando a ƙarƙashin zane, da takalmin kambas mai igiya, ta ɗauki ruwa aƙalla lita 2, hannuwanta biyu kuma su zama a sake. Inna dai silifas ne a ƙafarta, ga ƙwarya a ka ko riƙewa ba ta yi, amma ita ta shekara hamsin tana bin turbar.

Turbar ba ta miƙe sama kai tsaye ba, karkacewa ta ke yi, dama, hagu, dama, kamar ɗinkin bakin zane. Da farko ƙasa ce da tsakuwa, da sabara da kalgo. Sai falalen dutse, inda ba ki ganin hanya sai wani ɗan layi mai haske da tafin ƙafa ya goge. "Taka dutse, kada ki taka ciyawa," in ji Inna, "busasshiyar ciyawa ita ke ka da mutum." Kafin rabin awa na ji bugun zuciyata a kunne. Abokiyar aikina, wadda ta ke zana tsaunukan duniya a allo da alli ɗaya, ta zauna bisa dutse ta ce ashe layukan nan na taswira da su ke matsuwa kusa da juna haka su ke a gwiwa. Inna ba ta zauna ba, ta tsaya ne kawai ta juya mana baya, wai in ka zauna ƙafa sai ta yi sanyi.

Ko da ya ke numfashi ya yi wuya, ido bai rasa abinci ba. Ga itacen hano, wanda ya fi son kan dutse, ɓawonsa na saɓulewa kamar takarda, shi ne mai ƙaron nan na turare. Ga gamji ya cusa saiwa cikin tsaga ya raba dutse biyu. Rema, wata 'yar dabba mai kama da zomo marar dogon kunne, ta fito shan hantsi, da ta gan mu ta shige rami. Birai kuwa suna can sama suna kallonmu kamar mu ne abin kallo. Inna ta ce su ne masu raba gona da mutanen bayan dutse, dole yara su wuni suna kora tun daga fitar kai har girbi.

Da abokiyata ta sami numfashi sai malanta ta motsa. Ta ce duwatsun nan saiwoyin tsaunuka ne masu aman wuta na zamanin da can. Narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya daskare a zagaye kamar zobe, ruwa da iska suka cinye na sama suka bar mai tauri. Layi guda ne tun daga Jos, ya biyo ta Ningi, Fagam, Kila, Birnin Kudu, Shira da Dutse, ya haye har Damagaram da Azbin a ƙasar Nijar, kuma ƙara yin arewa ƙara tsufa. Na wannan yanki, in ji masana duwatsu, shekarunsu sun tasam ma miliyan 200. Irin wannan dutse shi ke ɗauke da kuza, shi ya sa aka haƙe ta a ƙasar Fagam kamar yadda aka yi a Jos da Riruwai. Inna ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta ce ita dai ta san Allah ya ajiye su, muka ce ai duk ɗaya ne, Inna.

Wajen awa ɗaya da rabi muka kai mashigin, wanda mutanen wurin ƙofa kawai su ke ce masa. Duwatsu biyu ne su ka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka bar rata, mutum biyu ba sa jerawa a ciki, jaki mai kaya kuwa sai an sauke masa an wuce da buhunan a ka. Iska ce ke ratsowa ta ciki mai sanyi, har da ɗan kuka. In kin juya baya, ga ƙasar Gwaram a shimfiɗe, tsamiyar da muka yi salla ta koma kamar tsintsiya, rairayin kogi na walƙiya can nesa. In kin dubi gaba, wani ɗan kwari ne kamar cikin akushi, duwatsu sun kewaye shi, hayaƙi na tashi daga tsakiya.

Muna tsaye sai wayar ƙanena ta yi ƙara, bayan tun gindin dutse ba ta da sabis. Inna ta yi dariya ta nuna wani dutse mai faɗi da ya yi sulɓi don zama. Ta ce duk mai son magana da ɗansa da ke birni nan ya ke hawowa. Nan na gane dalilin da lambar uban yarinyar ba ta shiga, sai in an yi sa'a yana bisa dutsen a daidai lokacin.

Muka yi la'asar a ƙofar. Gangara ta fi hawa cin gwiwa, a kan sauka ne a kaikaice, ƙafa ɗaya ta sami wuri kafin a ɗaga ɗaya. Inna ta rabu da mu a wata mararraba, rugarsu na gabas, ta ƙi karɓar kome sai dabino uku.

Gidajen ƙauyen ba su fi 20 ba, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Tun daga nesa na hango ta a bakin turmi, da goyo a baya. Da ta ɗago ta gan ni taɓaryar ta tsaya a sama. "Malama!" Ba ta ƙara ko kalma ba, sai ta durƙusa tana gaishe mu, idonta a ƙasa.

Ga abin da ya faru. Tana gida hutu naƙuda ta kama uwarta, kwana biyu abu ya ƙi. Daren na biyu maza huɗu suka ɗora ta bisa ƙyauren ɗaki, wasu na haska musu da tocila, suka hau turbar nan da muka hau da rana muna haki, suka karkata ƙyauren suka ratsa ƙofar da ita, suka gangara. Daga gindin tsamiya amalanke, daga bakin kwalta motar wani bawan Allah da ya tsaya musu. Da asuba suka isa asibiti, aka yi mata aiki. Allah ya yi da sauran kwana, ita da jaririn duka sun rayu. Amma an hana ta ɗaukar ko tulu, ga yara biyar ƙanana, yarinyarmu ita ce babba.

'Yan'uwana matan aure, musamman ku na ƙauyukan da mota ba ta kaiwa, don Allah ku riƙa zuwa awon ciki, kuma in watan haihuwa ya kama a roƙi mai gida a sauko wurin dangi a gari kusa da asibiti. Naƙudar da ta wuce yini da kwana ba ta jiran gari ya waye, ba kuma ta jiƙo ba ce. Na ga ratar nan da idona, na kuma auna ta da faɗin ƙyaure.

Bayan magariba uban ya zo muka gaisa, ƙanena na gefe. Mutum ne mai sanyin magana. Ya ce, "Malama, ni ban cire ta ba, Allah ya sani. Ni na kai ta da ƙafata. Amma wa zai ɗebo ruwa? Wa zai yi daka?" Ba ni da amsar wannan a jakata, sai na ce a ba ni izini in gaida kakarta.

Tsohuwar tana ɗakinta tana kaɗi. Na zauna a ƙasa, na ce, "Kaka, na zo biko ne." Ta yi dariya har ta ajiye mazari. Muka daɗe, ta tambaye ni ko ina da aure, ko nawa a ke biyana, ko gaskiya ne jikarta ta fi 'yan birni lissafi. Na ce gaskiya ne. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce tana da 'ya a wani ƙauye, gwaggon yarinyar, in ta gama kaɗe riɗinta za a aika ta zo ta riƙe gidan. Amma yarinya ba za ta taka ko ina ba sai uwarta ta yi arba'in, wannan kuma ba ta sake shi. Na lissafa a zuci, arba'in zai cika saura kwana uku a fara jarrabawa. Na ce na gode, Kaka.

Daren nan, bayan ta kwantar da ƙannenta ta wanke tukwane, na ba ta littattafan da na zo da su da aikin mako uku da ya wuce ta. Ta jawo 'yar fitila mai cajin rana ta zauna a bakin ƙofa. Na yi barci na farka, fitilar ta dushe ta koma ja, tana nan ta kusa haɗa hanci da takarda.

Da safe ta raka mu har ƙofar dutse, da tulu a hannu don ta biya rijiya in ta koma. A can muka tarar da masu jakuna suna sauke buhunan riɗi suna ratsawa da su ɗaya ɗaya, dole muka jira. Na rubuta mata lambata a bangon littafi, na ce ranar da gwaggonta ta iso ta sa babanta ya hau dutsen nan ya kira ni. Ta ce to. Komowarmu ba ta da labari, babur biyu daga bakin kwalta zuwa Gwaram, daga nan motar haya, ƙafafuna kuwa sai da suka kwana uku suna tuna mini.

Yau da na ke rubuta muku wannan saura kwana 9 arba'in ya cika, waya ba ta zo ba tukuna. Mai kula da ɗakin kwana ta tambaye ni sau biyu ko a ba wata gadonta, don akwai masu kwana bibbiyu. Na ce a bar shi.